Ranar da Inno Ta Tsaga Dutsenta

Surukata ba mace ce mai sauƙi ba, kuma ba zan gyara mata hali don ta riga mu gidan gaskiya ba. Sunanta Jumma, amma tana raye ban taɓa kama sunan ba. Inno nake ce mata, kamar yadda ɗanta Sule, mijina, yake faɗi. Shekara goma sha tara muka yi gida ɗaya a Tudun Wadan Gombe, kuma a duk shekarun nan sau ɗaya tak ta ci miyata ba ta kushe ba. Zan zo kan wannan ranar. Amma in aka ce in nuna mutumin da na gani ya tsaya shi kaɗai har taron maza ya kauce masa, ita zan nuna, ko da kuwa raina bai so ba.

A Kwadon aka haife ta, gidan masu shanu. Annoba ta share garken mahaifinta tun tana budurwa, saboda haka da ta auri Joda ba su tarar da komai a gida ba sai suna. Lokacin yaƙin Turawa na biyu ne, ana ta kwasar mutane zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos. Joda ya tafi, ita kuma ta ce ba za ta zauna tana jiran saƙo ba, ta bi shi. A wani bariki kusa da Bukuru suka sauka. Shi yana cikin rami da diga, ita tana hawa da sauka da kwanon sarki a ka, har wuyanta ya ƙage, bai sake juyawa sosai ba har ta mutu. Daga baya ta koyi wankin kuza, kuma a nan ne ta yi suna. Ana ɗibar ƙasa a ƙwarya, a tsoma a ruwa, a riƙa juyawa ana karkatawa, laka da yashi su fice, abin da ya fi nauyi ya kwanta a gindi. Kuza baƙa ce, mai nauyi, ita ce take saura. Sai dai akwai wani dutse mai haske kamar gilashi da shi ma yake da nauyi, yana maƙale wa kuzar, ba ya fita sai an tsince shi da hannu. Masu wanki sun tsane shi. Tofas suke ce masa, kuma tsibi-tsibi ake zubar da shi a bayan bariki.

Inno ba ta iya barin abu ba ta san kansa ba. Akwai wani mutumin kudu mai suna Bernard da yake aiki a ɗakin gwajin kamfanin, yana sayen fura a wurinta. Ta tsare shi da tambaya har ya gaji ya zauna ya yi mata bayani. Ya ce abu uku ne suka haɗu a jikin tofas: sinadarin da yake cikin yashi, da ƙarfen nan mara nauyi da ake yin tukunyar alminiyam da shi, da wani tururi mai kaifi da ake kira fulorin, wanda har gilashi yake ci. Ya ce tun kafin a yi mutane, dutsen ƙasar Jos narkakke ne a can ƙarƙashi. Da ya fara hucewa yana daskarewa, sai wannan tururin ya rasa hanyar fita, ya taru a tsagogi da kogunan dutsen, a nan ya haɗu da sauran biyun, tofas ya tsiro a hankali, kusa da kuza. Bayan shekaru marasa iyaka ruwa ya cinye dutsen, ya gangaro da su biyun cikin rafi. Inno ta haddace wannan kamar karatu. Abin da ta ɗauka a ciki shi ne tofas yana da uwa, kuma uwarsa dutse ce mai ɗigo-ɗigo irin wadda ake sassaƙa dutsen niƙa da ita.

Wata rana Joda ya fito daga rami da guda ɗaya a hannu, ya kai ƙwan zabo girma, da ɗan shuɗi-shuɗi a cikinsa. Ya miƙa mata, laka duk a jikinsa, ya ce tunda ita ce mai son sanin asalin duwatsu, ga nata. Damina ta gaba bangon rami ya rufta da shi da wasu mutum huɗu. Shekarar da aka samu 'yancin kai ana ta kiɗa a gari, ita kuwa tana bayan babbar mota ta nufo Gombe da ɗa ɗaya, da ƙullin kaya, da ƙwaryar wankinta, da dutsen nan a ƙulle a bakin zane.

Ta kafa tukunyar tuwo a bakin titi a Tudun Wada, direbobi suka saba da ita. Tana zaginsu suna dariya suna ƙarawa. Dutsen kuwa ta ba shi aiki: shi yake danne faifan da take rufe ƙwaryar daddawa da shi, don kada iska ta ɗauke. Ba mai taɓa shi. Na taɓa ɗagawa zan ɗebi daddawa, abin da na ji ranar har yau bai bar kunnena ba. Abu na biyu da ba a wasa da ita a kansa shi ne gonar Tumfure. Gonar gidan su Joda ce, rabi na ƙanensa Bamanga, rabi na Sule, amma ba a taɓa raba ta ba. A wancan lokacin Tumfure daji ne da gonaki, da ƙafa ake zuwa. Dawar da muke ci a gida da wadda take tuƙa wa direbobi duk daga can take fitowa. Kowace damina Inno takan rufe tukunya ta tafi ta yi kwanaki tana noma, ta dawo baƙa wuluk tana faɗa da kowa.

Sai aka shiga shekarun da arzikin fetur ya malalo. Kowa ya zama ɗan kwangila. Wanda jiya yake tallan goro yau yana cikin mota yana nuna fili da ɗan yatsa. Gari ya cika da siminti da tifa da ƙura, kuma mutane suka yarda cewa duk ƙasar da ka taka akwai wani abu a ƙarƙashinta, kai ne dai ba ka tona ba. A cikin irin wannan zazzaɓin ne, shekarar 1975, dawa ta fitar da kai amma ba ta nuna ba, wani Alhaji Rabe ya tsayar da motarsa a bakin gonarmu. Ya ce wa Bamanga yana da ilimin ƙasa, kuma ƙasar nan ta yi masa kama da wata. Ya sa aka tona a gefe, wurin da shi ya nuna. Ba a yi zurfin gwiwa ba sai ga duwatsu farare masu ƙyalli. Ya ɗauki ɗaya, ya ja shi a kan gilashin wata tifa da ya taho da ita, a gaban kowa, gilashin ya yi zane. Ya ce daiman ne, wato lu'ulu'u.

Sharaɗinsa mai sauƙi ne. A sare dawa, mutanen gida su yi haƙa, shi zai kawo tifa ta riƙa kwashe ƙasar zuwa Jos inda injin tacewa yake, abin da ya fito a raba. Bamanga ya yarda. Jauron wurin, wato mai unguwa, ya yarda. Sule, wanda direba ne ya zaga ƙasar nan ya kamata a ce ya fi haka wayo, shi ma ya yarda. Ni ma kada in yi ƙarya, har na zaɓi atamfar da zan fara saya. Dukanmu kuma muka haɗa baki kada Inno ta ji sai abu ya kankama, domin mun san halinta. Kwana huɗu ana sara ana haƙa, tana nan tana tuƙa tuwo ba ta sani ba. Wannan ita ce kunyar da na fi ji a rayuwata.

Ran na huɗu da la'asar Sule ya dawo da ɗaya daga cikin duwatsun a aljihu yana nuna mini a tsakar gida. Ba mu ji shigowarta ba. Ta miƙo hannu kawai, ya ɗora mata. Ta jinjina shi, ta juya shi a rana, ta yi wata dariya mara daɗi.

"Direba," ta ce, don ba ta kiran sunansa, "wa ya ba ka sharar bariki?"

Ya fara kame-kame. Da ta gane cewa a gonar Tumfure aka samo shi, kuma an fara sare dawa, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Saudatu, gobe da sassafe ki ɗauki tulu."

Muka kama hanya, ita a gaba da tsohuwar ƙwaryar wankinta, ni a baya da tulun ruwa, ga 'yata A'i a goye. Da muka iso na ga abin da muka yi. Kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi. Karan dawa ɗanye shar a zube, kawunan da ba su nuna ba awaki suna ci, ga rami ja wawakeke, maza kusan talatin a ciki har da maƙwabtan da suka zo taya mu don a tuna da su. Tifa ta cika tana shirin tashi. Inno ta wuce kowa, ta je gaban tifar ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa.

Bamanga, wanda yake kiranta Adda, wato yaya, ya fito daga rami da gudu. "Adda, don Allah ki rufa mana asiri. Ga jauro, ga baƙi. Mu je gefe mu yi magana."

"A nan ka sare dawa, a nan za mu yi maganar," in ji ta.

Alhaji Rabe ya taho yana murmushi, babbar riga tana jan ƙasa. "Hajiya, sannu da zuwa. Ai alheri ne ya same ku."

"Ban je Makka ba tukuna, kada ka ɗora mini. Nuna mini inda ka tsinci alherin."

Aka nuna mata. Ta tashi, ta ɗebi ƙasar wurin a ƙwarya, ta ce in zuba ruwa. Shekara goma sha biyar rabonta da wanki, amma hannun bai manta ba. Ta juya, ta karkata, jar laka ta fice, ta sake juyawa. Maza suka bar diga suka zagaye ta. Da ruwan ya tsane sai ga wani baƙin abu kamar garin kwalli kwance a gindin ƙwarya, da 'yan ƙananan duwatsu masu haske a kai.

"Wannan baƙin kuza ce," ta ce. "Wannan farin kuma tofas. Tare suke tafiya."

Ta wanke ƙwaryar, ta yi taku uku gefe, ta ɗiba a zurfi ɗaya da na farko, ta wanke. Babu komai sai jan yashi. Ta koma ɗaya gefen, babu. Ta shiga tsakiyar ramin da suka yi kwana huɗu suna haƙa, ta ɗiba a wuri biyar, har ruwan tulu ya kusa ƙarewa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba.

Sannan ta miƙe. Ta ce ita ta tsaya a kan rijiyar gonar nan lokacin da aka gina ta, gaba goma sha biyu, ba abin da ya fito sai burji da dutsen yashi mai marmashewa a hannu. Ta ce tofas a cikin dutse mai ɗigo-ɗigo ake haifarsa, inda wuta ta taɓa narkar da ƙasa, kuma a ƙarƙashin wannan gona babu uwarsa. Ta ce waɗannan duk gefensu ya goge, alamar rafi ya daɗe yana mirgina su, to ina rafin a Tumfure? "Abin da ruwa ya kawo yakan bazu," ta ce. "Ba ya taruwa wuri ɗaya kamar an juye buhu, sai in buhun aka juye."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ban san ɗan kwangila ba. Alhaji Rabe ya tafa hannu ya ce, "Kun ji da bakinta! Har kuza akwai. Arziki biyu ke nan. Sunan da 'yan lebura suke kiran dutse kuwa ba shi ne sunansa a wurin masana ba. Kun ga dai ya yanka gilashi." Sai na ga fuskoki sun sake sakewa. Mutumin da ya sare abincinsa da hannunsa ba ya son jin cewa a banza ya sare. Wani daga baya ya ce a ɗauke tsohuwar nan a ci gaba da aiki. Wasu suka koma suka ɗauki diga, suka nufi dawar da ta rage.

Inno ta kwance bakin zanenta. Ban san ta taho da shi ba. Ta ɗaga dutsen Joda sama, ya fi duk nasu girma da kyau, ta je ta ja shi a gilashin tifar, kusa da zanen Alhaji. Ya yi zane har ya fi nasa zurfi.

"Shekara goma sha biyar ina danne daddawa da wannan," ta ce. "Direbobin garin nan duk sun san shi. Ni ban san daiman ba, ban taɓa ganinsa ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma tofas na san shi kamar yunwar cikina."

Bamanga ya ce, a hankali, "Adda, to yaya za mu san naki da namu iri ɗaya ne?"

Ta ce tofas duk taurinsa yana da hanya ɗaya da yake tsagewa, a kwance, bugu ɗaya, fuskar ta fito sumul kamar madubi. Ta ce Alhaji ya ba ta babban cikin nasa ta gwada. Ya ce ba za a lalata masa dukiya ba, ya ƙara damƙe aljihu. Sauran mutanen ma kowa ya riƙe nasa. Sara kuwa ya riga ya fara a bakin dawar, ina jin ƙarar karan yana faɗuwa.

Ta dubi dutsen da yake hannunta. Ni da na san yadda take shafa shi kowace safiya kafin ta ɗora a faifai, sai da na ce, "Inno, kada ki yi." Ba ta ko kalle ni ba. Ta sa aka kawo mata wuƙa da guduma daga akwatin direban tifar. Ta ɗora dutsen a kan wani kututture, ta juya shi har ta sami wata 'yar ɓantara mai sheƙi a gefe, ta nuna wa jauro da farce ta ce, "Nan zai bi." Ta kafa wuƙar. Ta ɗaga gudumar. Ta buga sau ɗaya.

Ya rabu biyu daidai inda ta nuna. Fuskokin biyu suna ɗaukar rana, sumul, kamar an goge su shekara guda. Har masu sara suka tsaya.

Sule ne ya fara motsi. Ya zaro nasa daga aljihu, ya durƙusa ya ajiye a gabanta, kansa a ƙasa. Ta juya shi, ta nuna wurin, ta buga. Fuska iri ɗaya. Bamanga ya kawo nasa, haka. Wani maƙwabci ya kawo, haka.

Sai direban tifar ya sauko. Bawa sunansa, ya fi shekara goma yana cin tuwonta. Ya ce, "Inna, ki yafe ni. An ce in rufe bakina ne. Wallahi motar nan ba ta taɓa kama hanyar Jos ba. A bayan gari nake juyewa, wurin sabon titin da Alhaji ya samu kwangila. Burji yake so."

Wato burjin da yake ƙarƙashin dawarmu yake nema, da hannayen da za su haƙa masa shi a kyauta. Buhu ɗaya na sharar bariki ya ishe shi. Ban ga lokacin da Alhaji Rabe ya isa motarsa ba, na dai ga babbar rigar ta maƙale a ƙofa yana ja. Samari suka so bin sa da duwatsu, Inno ta daka musu tsawa. Ta ce shi sana'arsa ya yi, su kuwa da suka sare abinci ɗanye su ne abin jifa. Ta sa Bawa ya juye ƙasar da take cikin tifar a inda aka ɗebo ta.

Bayan kwana biyu Bamanga ya zo gida da goro yana ba da haƙuri. Ta karɓi goron, ta miƙa masa kwanon sarki. Shi da Sule suka yi sati uku suna cike ramin da ka, tana zaune a inuwa tana nuna musu inda bai cika ba. Wurin bai sake yin dawar kirki ba, don ƙasar sama ta riga ta tafi ƙarƙashin titi. Har yau in na hau titin nan a mota raina yana ɓaci. A'i da take goye a bayana ranar ita ce ta girma ta karanci ilimin duwatsu a jami'a. Ta dawo hutu ta ce wa kakarta duk abin da Bernard ya faɗa haka yake a littafi. Inno ta ce da ma ba ta tambaye ta ba.

Kashi biyun da suka rage na gonar kuwa sun nuna, aka girbe. Ranar da aka kawo dawar gida na surfa, na niƙa, na tuƙa tuwon sabuwar dawa da miyar kuka. Na kai mata ɗakinta da azahar. Na tarar da ita zaune da ɓarin dutsen biyu a cinya. Tun ranar Tumfure ɓari ɗaya ya kasa danne faifai, iska tana ɗauke shi, shi ne take ƙoƙarin ɗaure su da zare. Fuskokin sun yi santsi da yawa, tana ɗaurewa suna zamewa.

Na ajiye kwanon zan fita, sai ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Da hannunsa ya ba ni, laka duk a jikinsa." Ta sake jan zaren. "Amma gonar ma tasa ce."

Ta ajiye duwatsun, ta wanke hannu, ta jawo kwanon. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran in ji gishiri ya yi yawa ko kuka ta tsinke. Ta ci loma ta farko, ta biyu, hawaye yana bin kumatunta yana sauka a haɓa, ba ta share ba. Ta cinye tas, ta siɗe hannu, ta turo mini kwanon, ba ta kushe miyar ba.